Jawabin Janar a Mataki na Bakwai

Kamfanin yana hawa na uku, a saman wani shagon sayar da tayoyi, shi ya sa duk wanda ya hau matattakalar sai ya iso da warin roba a rigarsa. A nan Baba Rediyo yake aiki, ko da yake shi bai yarda a kira abin aiki ba. Yaran kamfanin ne suka laƙaba masa sunan, don ya ƙarar da ƙarfinsa yana rubuta wasan kwaikwayo a gidan rediyo, zamanin da mutane ke ajiye abin da suke yi su kewaye akwati ɗaya su kasa kunne. Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, shi kuma ya ishi matarsa, sai wani tsohon abokin aikinsa ya ce ga wasu yara can suna ƙera gem na kwamfuta, suna neman marubuci. Baba ya ja tsaki, ya ce Allah ya sawwaƙe masa. Washegari ya goge takalminsa ya tafi.

A gida bai faɗa wa kowa gaskiya ba. Ce musu ya yi wani kamfanin sadarwa ne yake neman shawararsa. Matarsa ba ta tona ba, tunda dai falonta ya huta.

Tun ranar farko ya raina wurin, kuma bai ɓoye ba. Ɗaki ne ɗaya dogo, tebura a jere, wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a ƙasa, kwalaben lemo a kan kowace taga. Samari da 'yan mata, duk 'yan bana-bakwai, kowa da hedifon a kunne, ido a kafe a allon kwamfuta. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, amma in ɗaya yana son magana da ɗan'uwansa sai ya rubuta masa saƙo. Baba ya gaishe su da muryarsa ta rediyo, mutum ɗaya ne ya ɗaga masa yatsa, shi ma bai juyo ba. Shugabansu kuwa, wanda suke kira Oga, bai kai sa'an ɗan Baba na fari ba, kuma da gajeren wando yake zuwa ofis.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda suke aiki. A duniyar da Baba ya sani, labari ake fara rubutawa, sannan a nemi masu yi. Su waɗannan sai da suka gama gina komai, bindigogi, jirage, dodannin da za a harbe, da matakai takwas da mai wasa zai bi, sannan suka tuna ashe ba su da dalilin wannan harbe-harben. Shi ne suka ɗauko tsoho ya zo ya liƙa musu labari a kai, kamar yadda ake liƙa takarda a jikin kwalba bayan an cika ta. Mataki na farko a magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari, na biyu a kan ƙanƙara, na uku a wata masana'anta da ke ci da wuta. Da ya tambayi mai zanensu me ya kai sojan da mai wasa yake sarrafawa daga kwata zuwa ƙanƙara, sai ta ce ita dai ƙanƙara ce ta yi mata kyau, sauran kuma aikinsa ne.

Ya kuwa yi musu, don ko ba komai ya san sana'arsa. Ya ce dodannin baƙi ne da suka zo daga wata duniya da ta bushe, ruwa suke sata. Sun tsayar da wani ƙaton jirgi a sararin sama suna zuƙe koguna ta cikin bututu, shi ya sa soja ya fara da magudana, ya bi su har inda ruwan ya daskare, ya ƙona masana'antar da suke tace shi. Yaran suka ce lallai Baba ya iya. Wannan yabon ma haushi ya ba shi, don bai ga wanda ya isa yabonsa a cikinsu ba. Su kansu baƙin, mai zanen ta yi su da manyan idanu da dogayen yatsu masu saurin motsi, ba baki ko kaɗan. Baba ya dubi zanen, ya ɗaga kai ya dubi ɗakin, ya ce ba ta yi nisa wajen neman abin kwaikwayo ba. Babu wanda ya ji shi, kowa kunnensa a toshe.

Amma a cikin duk wannan shirmen akwai abu ɗaya da yake nasa. Ya ƙirƙiro wani tsohon Janar da ke ba soja umarni ta na'urar kunne. A yawancin wasan Janar ba ya wuce “bi hagu” da “ga su nan tafe”. Sai a ƙarshen mataki na bakwai, kafin soja ya kutsa cikin uwar jirgin, harbi ya tsaya, a nuno Janar zaune shi kaɗai a ɗakin umarni, ya yi wa soja jawabi. Baba ya zuba duk abin da ya sani a jawabin nan: abin da ya raba mutum da dabba, dalilin da ya sa duniya ta cancanci a mutu dominta, yadda mutanen da suka daina magana da juna suke bushewa tun kafin kogunansu su bushe. Ya rubuta ya goge, ya karanta wa bangon banɗaki, wani wurin har ƙwalla ta cika masa ido. Wani mai karanta tallan man goge baki aka ɗauko ya yi muryar Janar, Baba ya tsaya a kansa har sai da ya daina yi kamar yana sayar da wani abu. Tsawon jawabin kuwa, za ka dafa ƙwai ka ɓare ka cinye Janar bai kai tsakiya ba.

Oga ya kalla, ya sosa ƙeya, ya ce a rage shi zuwa jimla uku. Baba ya ce sai dai a yanke masa hannu. Suka yi ta ja har yaran suka fara zare hedifon suna leƙe. A ƙarshe Oga ya gaji, ya ce a bar wa ranar gwaji ta raba gardama.

Masu wannan sana'a suna da tsarinsu. Kafin a saki gem ana kiran mutanen waje, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, a zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a wani ƙaramin ɗaki su buga. Waɗanda suka ƙera shi suna zama a ɗakin da ke gefe, bayan wani baƙin gilashi irin na motar manya, suna ganin mai bugawa shi ba ya ganinsu. Doka ɗaya ce, kuma ba a wasa da ita: ba ka magana, ba ka ƙwanƙwasa gilashi, ba ka fita ka yi bayani, ko da ka ga mutum yana ta buga kansa da bango alhali ƙofa tana gefensa. Sannan a duk inda harbi ya tsaya aka shiga labari, akwai maɓallin da mai wasa zai danna ya tsallake, kwamfuta kuma tana lura da wanda ya danna da wanda bai danna ba. Oga ya ce mutum biyar za a kira. In ko ɗaya daga cikinsu ya bar Janar ya kai ƙarshen maganarsa, jawabi ya zauna. In duk suka tsallake, a cire shi gaba ɗaya.

Baba ya ce ya yarda, da babbar murya. Sai da ya sauko matattakala ya yi da-na-sani, don ya san irin mutanen da za a kwaso masa. A nan ne ya tuna da Auta.

Auta ɗansa ne na ƙarshe, ya kusa talatin, yana da mata da 'yar ƙaramar yarinya, sana'arsa gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Baba ya so ya zama lauya, ko aƙalla wani abin da ake yi da baki. Yaron ya tashi da rimot ɗin gem a hannu, har yau in ya dawo daga aiki ya yi wanka, gaban talabijin yake zama yana harbin abin da babu shi. Baba bai taɓa kiran wannan da wani suna ba sai zaman kashe wando. Amma ya yi lissafinsa: komai lalacewar yaron, a gidan magana ya tashi, kunnensa ya san daɗin jimla mai kyau, ba zai yi wa Janar abin da na titi za su yi ba. Can ƙasan ransa kuma, inda bai cika leƙawa ba, yana so ko sau ɗaya ɗansa ya ji abin da ubansa ya iya, a wurin da shi ɗan yake ganin mutunci.

Sai ya je wurin matar da ke shirya gwajin, wadda yaran ke kira Anti Gwaji, ya ba ta lambar wayar Auta. Dokarsu ta hana kawo ɗan'uwa, don haka ya ce wani yaro ne a unguwarsu, ya ƙware a wannan shashancin, kuma don Allah kada ta ce masa wa ya ba da lambar.

Ranar gwaji Oga ya tafi wani taro, ya ce in ya dawo a nuna masa sakamako. Baba da mai zanen ne suka zauna a bayan gilashi, a wani lungu mai zafi da aka cika da kwalayen kwamfuta, fanka ɗaya tana juya musu iska ɗaya. Akwai 'yar lasifika a kan kwali, duk abin da mai wasa yake ji a kunnensa su ma suna ji, haka ma duk abin da aka faɗa a ɗakin gwajin. Don kada a ɓata yini, daga mataki na shida ake fara wa kowa.

Ta farko wata ɗaliba ce mai taunar cingam. Janar ya buɗe baki ya ce “Ɗana”, ta danna. Na biyu wani ma'aikacin banki mai tumbi, shi tun hoton bai gama bayyana ba ya danna, kamar mai korar ƙuda. Na uku ya bar Janar ya yi jimla biyu, har Baba ya gyara zama, ashe maɓallin yake nema, ya juya ya tambayi Anti Gwaji ina ake dannawa. Na huɗu ya danna yana dariya, ya ɗaga wa Janar hannu ya ce tsoho sai an jima. Baba ya bi kowannensu da kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Ya ce a ransa ai gara baƙin, su aƙalla sun san abin da ya kawo su.

Sai Auta ya shigo da rigar aikinsa, baƙin mai a bakin hannun riga. Ya gaida Anti Gwaji da ladabi, ya goge tafinsa a wando, ya sa hedifon, ya ɗauki rimot.

Baba bai taɓa tsayawa ya kalli ɗansa yana wasan nan ba, bayansa kawai ya sani. Yanzu ga fuskar a gabansa, a natse, ba taunar leɓe, ba zabura. Sauran huɗun gudu suke yi suna watsa harsashi ko'ina. Shi Auta sai ya laɓe, ya bar baƙin su taru a gindin bututu, ya fasa bututun da harbi ɗaya ruwa ya tafi da su. Ya gano wata ɓoyayyar hanya da babu wanda ya gani. Mai zanen ta raɗa cewa wannan kam ya iya. Baba ya ji wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, ya yi maza ya danne shi da tsaki.

Mataki na bakwai ya ƙare. Harbi ya tsaya, allo ya yi duhu, Janar ya bayyana a kujerarsa.

“Ɗana, zauna. Kafin ka shiga jirgin nan, akwai abin da nake so ka ji.”

Baba ya kafa ido a kan babban yatsan Auta. Yatsan bai nufi maɓallin ba. Janar ya yi jimla ta biyu, ta uku, ta huɗu. Baba ya juya ya dubi mai zanen don ta shaida.

Da ya maido idonsa, sai ya ga Auta ya ajiye rimot a hankali a kan tebur. Ya zare hedifon ya rataye a wuya, ya yi miƙa har ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya ciro wayarsa. Ya amsa saƙo. Ya buɗe hoton wani firiji da aka turo masa, ya ƙara girmansa da yatsu biyu yana duba bayansa. Ya janyo biskit ɗin da aka ajiye wa masu gwaji ya fara ci. Jefi-jefi ya ɗaga kai ya dubi Janar da girmamawa, ya gyaɗa kai, ya koma kan waya.

A lungun bayan gilashi kuwa lasifika tana ta aikinta. “Waɗannan halittu sun ratso taurari sun zo mana,” in ji Janar, “amma ko kalma ɗaya ba su zo da ita ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu su waye.” Wannan ce jimlar da ta sa Baba ƙwalla a banɗaki. Yanzu ga ta tana fita a wuyan rigar ɗansa, shi kuma yana karkaɗe garin biskit daga cinya. Baba ya miƙe ya ɗaga hannu zai buga gilashin. Mai zanen ta riƙe masa hannun riga, ta girgiza kai. Ya koma ya zauna, ya saurari jawabinsa har ƙarshe, shi kaɗai.

Janar na rufe baki Auta ya mayar da waya aljihu, ya sa hedifon, ya ɗauki rimot, ya shiga uwar jirgin ya gama da ita.

Bayan wasa Anti Gwaji takan yi wa kowa 'yan tambayoyi. Ta tambaye shi me ya fahimta a labarin, ya ce baƙi ne suna satar ruwa, a kashe su, kuma bututun nan dabara ce mai kyau. Ta tambaye shi me Janar ya ce a ƙarshe. Ya yi murmushi, ya ce wallahi bai ji ba. Ta ce to me ya hana shi tsallakewa, ko bai ga maɓallin ba ne.

“Na gan shi, Anti,” in ji Auta. “Ni dai ban iya katse babba ba ne. Kuma irin tsofaffin nan na san su, akwai ɗaya a gidanmu. Ba da kai suke magana ba, da kansu suke yi, kai dai ana so ne ka zauna a wurin. Sai ka bar shi ya gama, ka ɗan huta, ka yi abin gabanka.”

Anti Gwaji ta yi dariya. Auta ya miƙe, ya ƙara da cewa duk wanda ya rubuta Janar ɗin nan ya san tsofaffi, a gaishe masa da shi. Mai zanen ta toshe baki da hannu kafaɗunta na rawa, ba ta san ɗan Baba ba ne. Baba bai motsa ba sai da ya ji takun ɗansa ya ɓace a matattakala. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma babu wanda zai iya gaya wa.

Da Oga ya dawo bai ko zauna ba, ya leƙa kwamfuta. Huɗu sun tsallake, ɗaya ya kai ƙarshe.

“Baba, ka ci. Jawabi ya zauna.”

“A cire shi,” in ji Baba.

Oga ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Anti Gwaji ce ta ba shi labarin waya da biskit, tana yi tana dariya. Baba ya ɗauka nan take za a goge Janar, har ya ji sauƙi. Sai ya ga idon Oga ya yi haske. Oga ya ce ai wannan shi ne abin da gem ɗin ya rasa: wurin hutawa kafin yaƙin ƙarshe, mutum ya sha ruwa, ya zaga banɗaki, ya dawo da ƙarfinsa. Ya ce kada a taɓa ko kalma ɗaya. In ma Baba yana da ƙari a ajiye, ya kawo a haɗa.

Washegari Auta ya zo gida cin abincin rana da matarsa da 'yarsu, kamar yadda suka saba kowane ƙarshen mako. Baba ya ƙudurta ba zai ce uffan ba. Ya riƙe kansa har aka zuba abinci. Sai matar Baba ta ce maƙwabcinsu ya sare bishiyar ƙofar gidansa don ya samu wurin ajiye mota, nan bakin Baba ya buɗe da kansa. Ya fara daga wanda ya shuka bishiyar, ya gangaro kan mutanen yanzu da ba su san darajar komai ba. Amma yau yana magana yana kallo. Fuskar Auta tana fuskantarsa, ido a kansa, cike da ladabi, kai yana gyaɗawa a hankali. Hannunsa ɗaya yana ƙarƙashin tebur.

“Abin da mutanen yanzu ba su gane ba,” in ji Baba, “shi ne, ranar da ka sare bishiya, to ita inuwar da...”

Ya tsaya a nan, da gangan, ya jira.

Fanka tana juyawa. Jikarsa tana buga cokali a faranti. Matarsa tana ƙara wa surukarta abinci, surukar tana cewa ya isa. Babu wanda ya ɗago. Auta ya ci gaba da gyaɗa kai na ɗan lokaci, sannan ya lura ɗakin ya yi shiru.

“Gaskiya ne, Baba,” ya ce, ya miƙa hannu ya ɗauki ruwa.